Yadda Harshen Ciniki Ya Sauya a Birnin Zazzau

Duk wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka, ya wuce fadar Sarkin Zazzau har ya gangara kasuwa, in ya kasa kunne ga masu saye da sayarwa, zai ji zamani uku a cikin harshe guda: dillali na neman la'adarsa, mai kanti na rubuta rasit, alhali kuwa uwar adashi tana lissafin zubi da kwasa kamar yadda kakanninta suka yi. Wannan cakuɗuwa ba a dare ɗaya ta auku ba, kuma Zariya tana da hannu a cikinta fiye da galibin biranen ƙasar Hausa.

Tun kafin zuwan Turawa, sa'ad da wuri ne kuɗin ƙasa, ana ƙidaya shi zambar-zambar, ana ɗinke zambar ashirin a keso guda, fataken da ke zuwa Gwanja neman goro da masu gangarawa Nufe da tufafi suna da cikakkun kalmomin sana'arsu: jari da uwar kuɗi, lamuni da jingina, riba da hasara, fatoma mai saukar baƙi da dillali mai ƙulla ciniki. Bayan wannan kuma akwai ilimin zaure, domin a unguwannin malamai irin su Juma da Kona, almajirin da ya kai babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid, ko a Muhtasar na Halilu, malaminsa zai karanta masa nassin da Larabci, ya warware masa shi kalma bayan kalma da Hausa, har ya san sharuɗɗan bai'i, ya rarrabe cinikin salam da cinikin garari, ya gane inda halal ta tsaya da inda haram ta soma. Fa'idar wannan tarbiyya ita ce, mutum ba ya ƙulla ma'amala da lafazin da bai san hukuncinsa ba, in kuwa husuma ta tashi, alƙali zai yi shari'a da harshen da mai ƙara da wanda ake ƙara duk suke ji.

Da Turawan Ingila suka ci Zariya a 1902, aka naɗa Sarki Aliyu ɗan Sidi a 1903, sa'an nan hanyar jirgin ƙasa ta ratsa garin ta isa Kano a 1911, sai al'amarin ya juya baki ɗaya. Aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, wuri ya soma mutuwa, fam da sule da sisi da taro da kwabo da anini suka maye gurbinsa, haraji kuma ya zama sai da sabon kuɗi ake biyansa. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna a bayan ganuwa, wajen tasha da Sabon Gari, aka kuma kafa injin gurzar auduga. A nan ne talaka ya ɗanɗana kuɗar rashin jin harshe: manomi ya ɗauro audugarsa a kan jaki tun asuba, a ɗora ta bisa sikeli, akawu ya dubi allura ya faɗi nauyi da daraja da Turanci, ya rubuta a takarda, shi kuwa mai kaya ba abin da ya rage masa sai ya karɓi abin da aka miƙo masa, ya dogara ga amanar tafinta, wadda wani lokaci takan cika, wani lokaci kuma takan yi rauni.

Maganin wannan ciwo ma a Zariya aka soma haɗa shi. Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta R. M. East, a nan ta zauna. A nan Malam Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, a nan kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, shi ne kuma editanta na Hausa na farko. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. Tun da yake wajibi ne jarida ta bayyana wa mai karatu sha'anin haraji da farashin amfanin gona da kuɗin baitulmali, sai ma'aikatanta suka bi hanya biyu: wata kalmar su karɓe ta yadda kasuwa ta riga ta lanƙwasa ta, kamar banki da kamfani da manaja da kwangila, wata kuwa su ƙera mata suna daga cikin gida. A kan wannan tafarki ne su da 'yan jaridar da suka biyo bayansu suka tabbatar mana da tattalin arziki da kasafin kuɗi da hannun jari da kuɗin shiga, waɗanda yau ake faɗa a rediyo ba tare da an tuna cewa wasu ne suka yi wahalar daidaita su ba. A unguwar Kongo ta Zariya kuma, makarantar horar da akawuna da aka buɗe a 1947, wadda ta zama cibiyar koyar da aikin mulki a 1954, ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ta koya wa ma'aikatan En'e lissafin baitulmali da Turancin ofis. A 1955 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa Hukumar Harshen Hausa, wadda ta tattara kalmomin aro, ta daidaita rubutunsu.

Kada mai karatu ya zaci Hausawa kaɗai wannan jarrabawa ta sama. Mutanen Rasha, waɗanda malamansu suka buga ƙamus na Hausa da Rashanci a Mosko a 1963 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Olderogge, su ma ta same su da Tarayyar Sobiyet ta rushe a ƙarshen 1991. Al'ummar da ta shekara wajen saba'in gwamnati ce ke yanke farashi, sai ta wayi gari a Janairun 1992 an saki farashin galibin kayayyaki, an shiga sayar da masana'antun gwamnati, kalmomin Turanci na banki da kasuwar hannun jari suka kwararo cikin harshensu, injiniyoyi da malaman jami'a suka koma ɗalibai suna haddace su. Da yawa daga talakawansu sun rabu da takardun rabon dukiyar ƙasa da aka ba su a kan kuɗi ƙalilan, saboda ba su fahimci ƙimar abin da ke hannunsu ba. Ashe jahiltar harshen ciniki hasara ce ta dukiya, ko a Mosko ko a Zazzau.

Mu ma sauyin bai tsaya ba. Naira da kwabo sun kori fam da sule ranar 1 ga Janairu, 1973. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya zo da nasa lafuzzan. Da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, sai ga murabaha da mudaraba da ijara, waɗanda malaman zaure suka daɗe suna karantarwa, sun shiga takardun banki. Yau kuwa ɗinkin babbar riga da aka yi a cikin birni ana cinikinsa ta wayar hannu, a biya ta asusun banki, amma takardar rance da ta inshora da saƙon da banki ke aikowa galibi da Turanci suke zuwa, mai sana'a yana sa hannu a kan sharaɗin da ba a warware masa ba.

Saboda haka muna kira ga malaman Hausa da na sashen kasuwanci a Jami'ar Ahmadu Bello, da malaman fiƙihu na cikin birni, da shugabannin 'yan kasuwa, su haɗu su tsara ƙamus na kalmomin ciniki da banki, Turanci da Hausa, da boko da ajami, mai sauƙin kuɗi da sauƙin fahimta, bankuna kuma su riƙa fassara sharuɗɗansu kafin a sa hannu. Magabata sun yi nasu a garin nan da kayan aiki kaɗan, saura namu. Allah Ya sa albarka a cikin nemanmu.