Kalmar Koka da Maƙwabcinta Goro

Duk wanda ya zauna a wurin ɗaurin aure a birnin Daura, ya ga an dire ƙwaryar goro gaban liman, sa'an nan yara suka biyo baya da kwalaben Coca-Cola, to, da wuya ya lura cewa goron da ke cikin ƙwaryar nan shi ne ya ba kwalbar rabin sunanta.

Rabin farko, wato koka, baƙo ne daga nesa ƙwarai. Asalinsa kuka, sunan wani ɗan itace a harsunan Kecuwa da Aimara na mutanen duwatsun Andis a Kudancin Amurka, waɗanda tun kaka da kakanni suke tauna ganyensa don su danne yunwa da gajiya, kamar yadda bafatake yake yi da goro a kan hanya. Sifaniyawa suka ɗauki lafazin suka kai Turai. A 1860 wani Bajamushe, Albert Niemann, ya tace sinadarin ganyen, abin da muka laƙaba wa hodar iblis, kuma a ganina babu harshen da ya fi namu yi mata adalci wajen suna. Kada mai karatu ya rikita kalmar koka da kokon da ake sha da ƙosai, ko kokon manoman ƙasar Yarbawa, domin babu nasaba tsakaninsu sai kamar lafazi.

Amma rabi na biyu namu ne, na Afirka ta Yamma. Masana lugga sun tafi a kan cewa Turawan jiragen ruwa sun ji kalmar kola ne a bakin teku, wajen Temnawan Saliyo, alhali mu na cikin ƙasa mun karɓi tamu ta hannun fatake; shi ya sa Bambara ke cewa woro, Bawalafe guro, Bafillace gooro, Babarbare da Bahaushe kuwa goro. Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Dauda, Sarkin Nupe ya aika wa Amina ta Zazzau goro 10,000. Daga baya ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, ƙarƙashin madugai, suka riƙa shafe watanni zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, suna komowa da huhuna bisa jakuna, ana yayyafa musu ruwa zango zango kada su bushe, har wani kaso ya iso kasuwannin Daura da Katsina ya zarce Damagaram.

Da John Pemberton ya haɗa abin shansa, wato Coca-Cola, a birnin Atlanta cikin 1886, akawunsa Frank Robinson ne ya jera sunayen nan biyu, na ganye da na ƙwaya. Ganyen Andis bai taɓa shiga al'adarmu ba. Goro kuwa ya zauna a harshenmu daram, har ya zama ma'anar kyauta da tukuici: akwai goron gayyata, akwai goron salla, kuma har gobe idan aka ce wa Badauri albishirinka, goro zai amsa, a tambaye shi fari ko ja, ya ce fari.