Haɗa amfilifayar gita da lasifika a akwati ɗaya

Amfilifayar gita iri biyu ce: "kai", wato injin shi kaɗai, da "kombo", mai ɗauke da inji da lasifika a akwati guda, kamar Fender Twin Reverb. Mai son mayar da kai cikin kombo da awo zai fara, don faɗin injin ya dace da bakin akwatin. A kombon Fender rataye injin ake yi daga sama, kwalabensa na kallon ƙasa, a bar bayan akwatin a buɗe don zafi ya fita.

Om ɗin lasifika, 4, 8 ko 16, wajibi ne ya yi daidai da na injin. Kunna injin kwalabe ba lasifika na iya ƙona taransifoma. Kapasitocinsa kuwa sukan riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare soket, don haka ƙwararre ne kaɗai ya kamata ya buɗe cikinsa.