Linzamin Jirgin Yaƙi: Daga Kano Zuwa Hamada

Manomin Ungogo ko Minjibir da ke yankan dawa ya saba da ƙarar jiragen soja masu tashi daga Kano. Ya ɗaga kai, ya kare ido da tafin hannu, ya koma bakin aikinsa. Da wuya ya tambayi kansa wa ke ba jirgin nan umarni. Tambayar kuwa ta daɗe tana wahalar da manyan sojoji, kuma wani ɓangare na amsarta ta Kano ya bi.

Ranar 1 ga Nuwamba 1925, ana tsakiyar kaka, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano, sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar. Jagoransu wani hafsa ne, Arthur Coningham. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, hanyar da ya share ta yi rana. Daga 1940 aka riƙa harhaɗa jirage a Takoradi, su yada zango a Legas da Kano da Maiduguri, su wuce Khartum zuwa Masar. Dubbai suka bi ta nan. Wanda ya karɓi jagorancin jiragen yaƙin hamada a 1941 kuwa, Coningham ɗin ne dai.

A lokacin, kowane kwamandan ƙasa so yake a yanka masa nasa kason jirage su riƙa shawagi a kansa. Coningham ya ce a'a, ƙarfin da aka rarraba ya tashi daga ƙarfi. A tara jiragen a hannun hafsan sama guda, ya kafa tantinsa dab da na kwamandan ƙasa, su tsara yaƙi tare. Amurkawa sai da suka sha kashi a Kasserine ta Tunisiya a Fabrairun 1943 kafin su sakankance, a Yulin shekarar suka rubuta cewa ƙasa da sama abokan aiki ne, babu yaron wani.

Nijeriya ta kafa rundunar sojan samanta a 1964 da taimakon Jamusawa, a 1967 kuma jiragen MiG na Tarayyar Sobiyat suka iso Kano saboda yaƙin basasa. Yau a Arewa maso Gabas, jirage na aiki ne cikin rundunar haɗin gwiwa ta Haɗin Kai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, jirgi marar matuƙi ya sake warwatsa linzamin. Daren 3 ga Disamba 2023, aka jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, mutum aƙalla 85 suka rasu. Sojan sama suka ce ba su ba ne. Jirgin na sojan ƙasa ne. Ƙasa irin tamu, inda gona ke manne da gona, ƙauye na jiyo kiran sallar ƙauye, ba ta da wani fili da bam zai faɗa ya tarar babu kowa.