Daga Bakin Dillali Zuwa Tulin Bayanai

Mai karatu, in ka tsaya gaban rumfar mai POS a Hanwa ko a kasuwar Tudun Wada da la'asar, za ka ga mai kayan miya da ɗan acaɓa da ɗalibi, kowa ya miƙa kati ya karɓi 'yan kuɗinsa ya yi gaba. Abin da ba ka gani shi ne, kowane ciniki ana rubuta shi a can wani wuri: nawa ne, ƙarfe nawa, daga wa zuwa wa. Miliyoyin irin wannan rubutu in an haɗa su wuri guda, su ne ake kira tulin bayanai. A shekarar 2001 wani manazarci a Amurka, Doug Laney, ya siffanta shi da abubuwa uku, wato yawansa, da saurin kwararowarsa, da bambancin irinsa. Bankuna suna tace shi da kwamfuta don su gane wanda zai biya bashi da wanda zai cinye.

To, wannan tambaya ta wa zai biya, ta girmi banki a ƙasar Hausa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su da takardar shaida sai maigidan da suke sauka wurinsa. Shi ke ajiye kaya, shi ke nemo mai saye, shi ke tsaya wa baƙo. Wani Bature masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan, kuma a littafinsa na 1969 ya nuna yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi ba tare da an rubuta yarjejeniya ba. Dillali ya san mahaucin ciki da bai: yawan yankansa, da bashin da ke kansa, da ko ya taɓa saɓa alkawari. Wannan ma tara bayanai ne, sai dai rumbunsa kan mutum ne. In dillali ya rasu, rabin kundin ya bi shi kushewa. Amma fa yana da wani abu guda: ya san dalilin da ya sa mutum ya makara, ko rashin lafiya ne ko gobara, kuma yakan ɗaga ƙafa.

Rubuta mutane da dukiyarsu a manyan littattafai kuwa, ta ƙofar haraji ya yi ƙarfi. Zazzau ta san kuɗin galma da kuɗin karofi da jangali tun kafin Turawa su kama ta a 1902. Abin da Turawa suka ƙara shi ne ƙidaya. Aka kafa Baitulmali, aka baza malamai ƙauye-ƙauye suna rubuta magidanta da shanu, a ƙasar Kano har da malaman taki masu auna gona da sawu. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, kamfanin auduga na Ingila ya kafa injin gurza, sikeli da rasit suka shiga rayuwar manomi. Duk wannan rubutu na karɓa ne, ba na bayarwa ba, shi ya sa Bafillace ya koyi kora shanu daji in ya ji masu jangali na tafe. Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna a 1979, amma a ganina tsoron a rubuta mutum bai tafi tare da su ba.

Bankin zamani da ya zo bai san kowa ba, don haka sai ya nemi jingina da takardar fili. Ƙaramin ɗan kasuwa ya koma wa adashi da ubangidansa. Abin ya fara sauyawa a 2014 da Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN, wadda ta ɗaure duk asusun mutum da zanen yatsunsa. A 2017 aka yi dokar da ta tsara musayar tarihin bashi. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 kuma ya tura har mai shayi buɗe asusu, wanda shekaru na wa'azin gwamnati ba su iya ba.

Yau na'ura ce ke aikin dillali. Tana duba shige da ficen kuɗinka ta ba ka rance cikin mintuna, ba ta tambayar ɗan gidan wa kake, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne ga wanda ba shi da kowa. Sai dai ba ta san gobara ba. Wasu manhajojin bashi ma sun riƙa kwashe lambobin da ke wayar mutum suna aika wa surukansa saƙon tozarci, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Dokar kare bayanan jama'a ta biyo baya a 2023.

Akwai kuma waɗanda na'urar ba ta gani sam. Matar da ke soya ƙuli-ƙuli a cikin gida a Hanwa, wadda ta shekara ashirin tana zubi bai taɓa wuce ta ba, uwar adashi ta san ta, maƙwabta sun san ta. In ta nemi rance ta waya, shafinta fari fat ne, kamar jiya ta fara sana'a.