Gwajin St. Lambert da Darasinsa ga Koyarwa da Harshe na Biyu

A shekarar 1965 wasu iyaye masu jin Ingilishi a garin St. Lambert, kusa da birnin Montreal na ƙasar Kanada, suka matsa wa hukumar makarantu lamba har ta buɗe wa 'ya'yansu aji guda da ake koyarwa da Faransanci zalla. Hujjarsu kuwa ita ce, yara kan yi shekaru suna ɗaukar Faransanci a matsayin darasi, amma su fito ba su iya zance da shi ba. Aka soma da yara 26, Wallace Lambert na Jami'ar McGill da abokan aikinsa suka riƙa jarraba su shekara-shekara.

Rahoton da shi da Richard Tucker suka buga a 1972 ya nuna cewa yaran ba su kasa takwarorinsu a lissafi ba, Ingilishinsu bai raunana ba, ga kuma Faransanci sun samu. Wannan ne ya sa wasu ke kafa hujja da Kanada, suna cewa a fara wa ɗan Bahaushe karatu da Ingilishi tun daga aji ɗaya.

To, amma ya kamata a dubi sharuɗɗan da suka kawo nasarar. Na farko, malaman suna jin harshen yaran, ba a kuma hana yaro yin tambaya da shi a farkon karatu. Na biyu, daga aji biyu aka shigo da darasin Ingilishi, ana ƙara masa lokaci sannu a hankali. Na uku, Ingilishi shi ne harshen gida da littattafai da talabijin, watau ba ya cikin haɗarin gushewa.

Inda babu waɗannan sharuɗɗa, sai a nemi wata hanya. Ita ce Babs Fafunwa ya gwada a Ile-Ife tun daga 1970: aka koyar da darussan firamare da Yarabanci shekara shida, Ingilishi kuwa aka danƙa shi ga ƙwararrun malamai a matsayin darasi. Yaran ba su kasa waɗanda aka juya wa Ingilishi a aji huɗu ba, har ma a Ingilishin kansa.

Ashe ke nan gwaje-gwajen biyu ba su saɓa wa juna ba. Kowannensu ya tsare harshen yaro na farko, ya kuma tanadi malamin da ya ƙware a na biyun. Duk tsarin da ya rasa waɗannan biyu, hadda zai haifar, ba fahimta ba.