Kafin Zuwan Bita Akwai Uwar Ɗaki

Tun da aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a watan Nuwamba na 2014, jama'a suka fara dawowa daga Yola da tsallaken iyakar Kamaru, garin ya cika da ƙungiyoyin agaji. Sun zo da abinci da magani, Allah ya saka musu da alheri. Amma sun zo da wata magana wadda har yau take ci mini tuwo a ƙwarya, wai sai da suka iso aka fara aikin ɗaga mata da 'yan mata a wannan yanki. Matasan ma'aikata, yawancinsu 'ya'yanmu ne na Sabon Layi da Lokuwa da Yelwa, suna maimaita ta da zuciya ɗaya domin haka aka koya musu. Mu da muka tsufa a ajin matan aure da bin gidaje neman 'yan makaranta mun san ba haka ba ne. Aikin ya girme su, ya girme mu, kuma yana da hanyar da aka san shi da ita: mace babba ta ɗauki yarinya guda ta riƙe ta shekara da shekaru har ta zama mutum. Wannan riƙon ne ya kuɓuce mana, kuma babu yawan bitar da za ta maye gurbinsa.

Duk wanda ke wannan fage ya san sunan Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sai dai an fi ambaton waƙoƙinta fiye da tsarinta. Ba ta tsaya kan koyar da wadda ta zo gabanta ba. Takan zaɓi dattijuwa mai amana daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani, ita kuma jajin ta riƙa jagorantar tsofaffi da 'yan mata zuwa wurinta su ɗauki karatu, su koma su isar wa matan aure da ba su da halin tafiya. Su ne 'Yan Taru. Abin lura shi ne da Nana ta rasu a 1864 aikin bai bi ta kabari ba, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da shi, domin kowace mace a cikin tsarin ta san wadda ke gabanta da wadda ke bayanta. Sakkwato na da nisa da mu, amma tunanin ba baƙo ba ne a ƙasar da Modibbo Adama ya karɓo wa tuta daga gidan su Nana.

A unguwanninmu sunan abin uwar ɗaki da 'yar ɗaki. Malamar firamare ce, ko ma'aikaciyar awon ciki, ko shugabar mata a masallaci ko majami'a, za ta hango yarinya mai kaifin kai tana neman barin makaranta. Ba ta kiran taro. Da yamma take yafa mayafi ta tafi gidan, ta tsaya a zaure ta gaida mai gida, ta ce, "Malam, roƙon arziki na zo, a bar mini yarinyar nan a hannuna." Daga nan ta shige ciki, a shimfiɗa mata tabarma kusa da murhu, domin ta san maganar gaskiya tana wurin uwa: farantin tallar da yarinyar ke fita da shi, na gyaɗa ne ko na ƙosai, da shi ake tara kayan ɗakinta. Wadda ba ta san wannan lissafi ba za ta yi ta wa'azin amfanin ilimi har muryarta ta dushe, a ce mata an gode, gobe kuma yarinyar ta fita da farantinta. Uwar ɗaki ta sani, shi ya sa take zuwa da mafita, ko a mayar da tallar bayan an tashi makaranta, ko ta sa uwar a adashin da ita ke riƙe da shi. Idan manemi ya fito, da ita ake shawara, ita ke roƙon a rubuta sharaɗin ci gaba da karatu kafin a sa rana. Ba ta da albashi a kan wannan, ba ta rubuta wa kowa rahoto. Abin da take da shi kawai shi ne kunyar da mutanen gidan ke ji mata.

Da aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a Minna a 1985, da Hajiya Aisha Lemu a matsayin Amira ta farko, da kuma Zumuntar Mata ta Ekklesiyar 'Yan'uwa, wadda hedkwatarta ke nan Kwarhi kusa da mu, duka a kan wannan tsohuwar ɗabi'a suka ginu. Yarinya takan fara da shimfiɗa tabarmi da raba ruwa, a ba ta littafin suna, daga baya a damƙa mata kuɗin gudummawa a gani ko za su cika. Wadda ta riƙe kuɗin mata shekara biyar ba a nemi kobo an rasa ba, ta koyi shugabancin da ba a koyarwa a allo, kuma duk unguwa ta shaida.

Ba zan ɗora wa baƙi laifin duka ba, domin raunin ya fara tun kafin su zo. Shirin Better Life na Maryam Babangida a 1987 ya fito da matan karkara fili, ya gina cibiyoyi, ya raba keken ɗinki, amma ya rataya aikin a ofishin uwargidan mai mulki. Da mulki ya sauya sai suna ya sauya, a 1994 aka koma shirin tallafa wa iyali na Maryam Abacha, kowace ta zo da nata. A hankali aiki ya bar tsakar gida ya koma ɗakin taro. Bayan 2014 abin ya kai maƙura: kwana uku a otal, takardar sa hannu, kuɗin mota, hoto a gaban kyalle mai tambarin masu ba da kuɗi, sai a rubuta cewa an horar da shugabanni. Illar da ta fi yi mini ciwo ita ce yanzu in ka kira mata taro, tambayar farko ita ce ko akwai ɗan abin hannu, kuma malamar da ke bin gidaje don Allah ta zama abar tausayi a idon ƙananan ma'aikata.

Na san abin da za a ce. Za a ce riƙo yana da jinkiri, mace ɗaya yara nawa za ta ɗauka, alhali dubbai ne ba sa makaranta. Gaskiya ne, kuma gina ajujuwa da biyan malamai aikin gwamnati ne da babu uwar ɗakin da za ta ɗauke mata. Amma sanya yara a aji daban, fitar da shugaba daban. Yarinya ba ta barin makaranta don ba ta ji lacca ba. Tana bari ne a ranar da aka rasa kuɗin jarrabawa, ko aka kawo kuɗin gaisuwa, kuma a wannan rana mai bita ya daɗe da komawa Abuja. Za a kuma ce wasu iyayen ɗaki sun mayar da yaran mutane 'yan wanke-wanke, wasu kuma 'ya'yan dangi da na ƙawaye kawai suke ɗauka. Wannan ya faru, ban musa ba, kuma duk wadda ta yi ta ci amana. Sai dai maganinsa shi ne sa ido: riƙon ya kasance da sanin makaranta da ƙungiya, yarinyar tana kwana gidan iyayenta, ana tambayar sakamakonta kowane zango.

Akwai kuma masu nuna mana sama su ce ai an riga an iso. Adamawa ta tura Grace Bent majalisar dattawa a 2007, Binta Masi Garba ta wakilci wannan shiyya tamu daga 2015 zuwa 2019, Aishatu Binani ta yi takarar gwamna a 2023 har ta girgiza ƙasa, Farfesa Kaletapwa Farauta kuma, wadda ta shugabanci Jami'ar Jihar Adamawa a nan Mubi, ta zama mataimakiyar gwamna. Ina alfahari da su matuƙa. Amma a sauko ƙasa a duba kujerun kansila, da kwamitin makaranta, da shugabancin 'yan kasuwa, a ga mata nawa ne ke zaune ana jin maganarsu. Can ne ake buƙatar ɗaruruwa, kuma can ne rashin riƙo ya fi bayyana, domin mace ba ta tsayawa takarar kansila sai tana da wadda za ta raka ta gidan mai unguwa.

'Yan matan da ke aiki da ƙungiyoyi suna yawan kukan cewa suna gudu daga wannan shiri zuwa wancan, kwangilar shekara guda, ba su ga abin da suka gina ba. Kukansu na kan hanya, kuma ba sai sun ajiye aikin ba. Kowace ta nemi yarinya ɗaya a layinsu wadda ke aji uku na ƙaramar sakandare, inda aka fi zubewa, ta san uwarta da ubanta, ta san ranar biyan kuɗin NECO, ta bi ta har ƙofar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ko jami'ar jiha, duka ga su nan cikin gari. Masu ba da kuɗi kuma su rage daga kuɗin otal su sa a kuɗin jarrabawa, sannan su ƙara tambaya ɗaya a takardar rahoton da suke karɓa duk shekara: yaran da aka rubuta sunayensu bara, kowace tana ina yanzu, kuma wace ce ke riƙe da ita.