Keiunkan: Mene ne Ya Tsufa a Otal Mafi Tsufa a Duniya?

A cikin tsaunukan Akaishi na lardin Yamanashi a ƙasar Japan akwai wani ɗan gari, Hayakawa, mai mutum kusan dubu ɗaya. Nan masaukin Nishiyama Onsen Keiunkan yake, wanda kundin Guinness ya ayyana a 2011 a matsayin otal mafi daɗewa a duniya. An ɗora kafuwarsa a shekarar 705, kuma sunansa ma daga zamanin da ake kira Keiun aka ɗauko shi. Tambayar da wannan maƙala ke yi ita ce: a cikin shekaru 1,300 ɗin nan, mene ne ainihin abin da ya daɗe?

Ba ginin ba ne, domin an yi masa gagarumin sabuntawa a 1997. Labarin asalin kuma yana da rauni. Riwayar gidan ta ce Fujiwara no Mahito, ɗan Fujiwara no Kamatari, shi ya kafa wurin. Amma tsohon tarihin zuriyar Fujiwara ya nuna Mahito ya zama malamin addinin Buddha da sunan Joe, ya rasu a 665, shekara 40 kafin shekarar da ake faɗa. Riwaya dai ba a raina ta, sai dai ba a mayar da ita hujja.

Saura batun jini, wanda shi aka fi tinƙaho da shi: magada 52, ɗaya bayan ɗaya. A nan ma sai an yi hattara. A al'adar Japanawa, gidan da ya rasa magaji yakan ɗauki suruki ko wani baligi daga waje, a ba shi sunan gida, ya ci gado. Abin da suke tsarewa gida ne da sana'arsa, ko da jini ya yanke. Saboda haka da aka rasa mai karɓa daga dangi a 2017, aka miƙa ragama ga manajan otal ɗin, Kawano Kenjiro, ba a kauce wa wannan manufa ba.

Abin da bai sauya ba shi ne ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, wanda dominsa baƙi ke hawo wannan kwari mai wuyar shiga. A ganina, shekarun da ake ƙirga wa Keiunkan na maɓuɓɓugar ne da sunan gidan.